Gejin Zafin Kan Silinda: Tambayoyi da Amsoshi Kafin Ka Saya, Kafin Ka Ɗaura

Mene ne wannan geji, kuma me yake aunawa?

Kan silinda shi ne murfin ƙarfen da ke rufe saman inji, inda fulogi da bawul suke zaune, inda kuma mai da iska ke kamawa da wuta. Duk zafin da ƙonewar nan ta haifar, shi ne ke fara shan rabonsa. Gejin da muke magana a kai, wanda ake rubuta wa CHT a fuskarsa, zafin wannan ƙarfen yake aunawa kai tsaye. Ba ruwan lagireto yake aunawa ba, ba baƙin mai ba, ba kuma hayaƙin salansa ba. Jikin ƙarfen kansa.

Abu uku ne suka haɗu suka zama geji: sensar da ke manne da inji, wayar da ke ɗauko saƙo, da fuskar da direba ke kallo. Mutane sun fi zaɓen fuska saboda ita ake gani, alhali yawancin matsala daga sensa da waya take fitowa.

Motata tana da gejin zafi tun daga kamfani. Me zai sa in ƙara wani?

Wanda ke kan dashbod ɗinka, a yawancin motoci, zafin ruwa yake faɗa maka. Muddin ruwan na nan yana zagayawa, labarinsa gaskiya ne. Ranar da tiyo ya fashe ko famfon ruwa ya tsaya, ruwan ya zube ko ya daina kaiwa ga sensar, sai ta koma tana auna tururi ko iska. A irin wannan hali allura kan yi jinkirin tashi, wani lokaci ma ta sauka, direba yana murna mota ta huce, alhali ƙarfe yana dahuwa. Kafin ya ankara gasket ya ƙone, kan silinda ya lanƙwashe.

Akwai kuma wani abu da ba kowa ya sani ba. Motoci da yawa na zamani an tsara allurarsu ta tsaya cak a tsakiya ko da zafin yana hawa da sauka a cikin wani faɗi mai yawa, don kada hankalin direba ya riƙa tashi. Ba ta motsi sai abu ya yi nisa. Geji mai lamba da ke manne da ƙarfe ba shi da wannan kara. Abin da ya ji shi yake faɗa.

Amma kada in ruɗe ka. Idan motarka mai ruwa ce, lafiyarta ƙalau, kuma zirga-zirgar yau da kullum kake yi da ita, ba dole ba ne. Wanda ke jan kaya mai nauyi, ko hawan tsaunuka, ko doguwar tafiya da tsohon inji, shi ne zai ci moriyarsa.

Wane inji ne ba ya iya rabuwa da shi?

Injin da iska ke sanyaya shi. Ba shi da ruwa balle a auna, don haka ba wata hanyar sanin halin da kansa ke ciki sai wannan. Volkswagen Beetle da bas ɗinta na da, Citroën 2CV, Porsche 911 har zuwa 1998 da aka daina yin mai iska, da Chevrolet Corvair da aka ƙera a Amurka tsakanin 1960 da 1969, duk 'yan gida ɗaya ne a nan. Corvair ma, nau'o'inta na Spyder da Corsa sun fito da wannan geji tun daga kamfani. Haka ƙananan jiragen sama masu injin fistin: matuƙi yana kallon zafin kan silinda kamar yadda yake kallon mai.

Wasu za su ce ai gejin baƙin mai ya wadatar. Bai wadatar ba. Mai yana ɗaukar mintuna kafin ya nuna canji, shi kuwa kan silinda yana amsawa cikin daƙiƙoƙi. Ka taka totur a kan hawa, ka ga lamba tana tashi tun ba ka kai rabin tudun ba, mai kuma yana nan inda yake. Zafin mai ya fi bin yawan juyin inji, zafin kai ya fi bin nauyin da aka ɗora wa injin. Labari biyu ne daban.

Ta yaya sensar ke sanin zafi?

Iri biyu ne suka fi yawa. Na farko shi ne tamokopul: wayoyi biyu na ƙarafa mabambanta da aka haɗe bakinsu wuri guda. Idan wannan mahaɗa ta fi ɗaya ƙarshen wayoyin zafi, sai wata 'yar wuta ta taso, ƙanƙanuwa ainun. Bajamushen masanin nan Thomas Johann Seebeck ne ya gano haka a 1821. Nau'in tamokopul da ake kira K, wanda ya fi yaɗuwa, yana ba da kimanin maikrobolt 41 a kan kowane digiri ɗaya na Salshiyos. Wato a digiri 200 abin da ke fitowa milibolt 8 ne da ɗan ɗoriya. Ka riƙe ƙanƙantar wannan lamba a ranka, domin ita ce dalilin da ya sa tsatsa kaɗan a mahaɗa ko waya mara kyau ke iya ɓata karatu gaba ɗaya.

Na biyu shi ne tamista, wani ɗan abu da ƙarfin tare wutarsa ke raguwa yayin da zafi ke ƙaruwa. Shi ake samu a yawancin sensar ruwa da kuma waɗanda ake ɗaurewa da noti a jikin inji mai ruwa. Yana da daidaito a zafin da bai wuce kima ba, wayarsa ba ta da tsirfa, sai dai galibinsu ba a yi su don zama ƙarƙashin fulogin inji mai iska ba.

Na ga ana rubuta nau'in J, K, ko E. Ina ruwana da haruffan?

Ruwanka babba ne. Kowane harafi yana nufin ƙarafan da aka haɗa. J ƙarfe ne da konstantan. K kromel ne da alumel. E kromel ne da konstantan. Wutar da kowanne ke bayarwa a zafi ɗaya ba ɗaya ba ce, geji kuma an saita shi ne da harshen guda ɗaya kawai.

Misali: a digiri 200, J yana ba da milibolt kusan 11, K kuma 8. Ka haɗa sensar J da gejin K, sai ya nuna maka sama da 250, ka tsaya gefen hanya kana neman ciwon da babu. Ka juya lamarin, sensar K a gejin J, sai ya nuna ƙasa da 160 alhali kan yana 200. Wannan na biyun ya fi haɗari, don yana kwantar maka da hankali a lokacin da bai kamata ya kwanta ba. Mafi sauƙi shi ne ka sayi geji da sensarsa tare, daga kamfani ɗaya.

Launin waya ma tarko ne. A tsarin Amurka, jan waya ita ce mara (−), ba mai ƙari (+) ba, saɓanin abin da kowa ya saba gani a batir. Abokiyar tafiyarta ruwan ɗorawa ce a K, fara ce a J. A tsarin ƙasa da ƙasa da Turai ke bi kuwa, fara ita ce mara, koriya ita ce mai ƙari a K, baƙa a J. Idan ka haɗa su a juye, allura baya za ta riƙa yi yayin da inji ke ɗumama. In launi ya goge, maganaɗisu zai taimaka: a J, wayar da ya kama da ƙarfi ita ce mai ƙari.

Me ake nufi da geji mai gyara kansa da zafin waje?

Nan ne mafi yawan masu saye ke faɗawa rami, don haka bari in ɗan tsaya.

Tamokopul bai san zafi ba, bambanci ya sani. Abin da yake faɗa shi ne: bakin da ke jikin inji ya fi ɗaya ƙarshen zafi da kaza. To ɗaya ƙarshen fa, nawa yake? Tsofaffin geji masu allura, waɗanda ba sa buƙatar wutar batir don su yi aiki, ba sa tambaya. An saita su ne bisa zaton cewa wancan ƙarshe yana zafin ɗaki, wajen digiri 21 zuwa 24. Idan ranar ta zo daidai da haka, karatu ya yi. Idan mahaɗar tana wurin da ya kai digiri 45, geji zai nuna ƙasa da gaskiya da digiri 20 da wani abu. Idan ana tsananin sanyi kuma, sai ya nuna sama da gaskiya. Ka lura da muguntar abin: ranar da aka fi zafi, ranar da inji ya fi shiga haɗari, ita ce ranar da gejin ya fi rage lamba.

Geji mai gyara kansa yana da wata ƙaramar sensa a cikinsa da ke auna zafin wurin da wayoyin suka ƙare, sai ya haɗa lissafin biyu. Yawancin masu lamba na zamani haka suke, amma kada ka ɗauka. Ka duba takardar. A ganina wannan shi ne abu na farko da za a tambaya, kafin kyan fuska, kafin launin fitila. Wanda ya riga ya mallaki tsohon iri ba sai ya jefar ba, sai dai ya riƙa yin lissafin da kansa.

Wayar ta yi gajarta. Zan iya ƙara ta da wayar wuta ta gama-gari?

A geji mai gyara kansa, a'a. Na taɓa yin wannan kuskure da hannuna. Inji a baya, dashbod a gaba, waya ta ƙare a rabin hanya, sai na yanko wayar jan ƙarfe na ɗaura a cikin ɗakin inji, na naɗe da tef, na ga aiki ya yi kyau. Da safe karatu lafiya. Da tafiya ta yi nisa, sai na ga lamba tana raguwa a hankali, har ina yaba wa injin. Ashe mahaɗar da na yi ce ke ɗumama: duk inda wayar tamokopul ta haɗu da jan ƙarfe, nan ne sabon ƙarshenta, shi kuwa geji yana can gaba yana gyara lissafi da zafin dashbod. Iyakar yadda ɗakin inji ya fi dashbod zafi, iyakar abin da aka sace mini daga karatu.

Maganin shi ne wayar ƙari ta nau'in sensar, K da K, J da J, har bakin geji. Tsofaffin geji marasa batir kuma suna da wani sharaɗi na daban: an saita su da tsawon wayar da suka zo da ita, saboda ita kanta wayar tana cin wani abu daga 'yar wutar. In ta yi tsawo, naɗe ragowar ka ɗaure, kada ka yanke.

A bi da wayar nesa da wayoyin fulogi da koyil, don tartsatsinsu na sa lamba ta riƙa tsalle. A kuma nisanta ta da salansa.

A ina ya kamata a ɗaura sensar?

A inji mai iska, ƙarƙashin fulogi. Sensar zobe ce mai kamar washa, fulogi ya ratsa ta ya danne ta a jikin kai. Girmanta ya dace da na fulogin: milimita 10, 12, 14 ko 18. Beetle ta asali 14 take amfani da shi. Dalilin zaɓen nan shi ne yana kusa da ɗakin ƙonewa, kuma kusan duk lambobin da masu irin waɗannan motoci ke ambata daga nan aka auno su. Ka ɗaura a fiffiken sanyaya ko a wani noti can gefe, za ka samu lamba mai daɗin gani wadda ta yi ƙasa sosai, ba kuma za ka iya kwatanta ta da ta kowa ba.

Wace silinda? Wadda ta fi zafi. A injin Beetle al'ada ita ce ta 3. Kafin 1971 na'urar sanyaya baƙin mai tana zaune a cikin rumfar fanka daidai kan hanyar iskar da ke zuwa ɓangarenta, don haka iskar da ke isa gare ta ta riga ta ɗumama. Daga baya an fitar da na'urar gefe, amma masu ɗaurawa ba su bar ta 3 ba. Mai hali ya sa geji mai tashoshi huɗu. Shi ne zai nuna masa in silinda ɗaya ta ware daga 'yan uwanta.

A inji mai ruwa kuwa, ana ɗaure sensar da wani noti da ke shiga jikin kan silinda kai tsaye, nesa da bututun hayaƙi. A goge wurin ya fito fes, ba fenti, ba tsatsa, ba maiƙo. Kada a kwance manyan notocin da ke riƙe da kan don wannan aiki. A nemi ƙarami.

Akwai wata dabara wajen sa zoben?

Akwai, kuma nan ake kashe sabuwar sensa tun ranar farko. Yayin da kake ɗaure fulogi, zoben yana son ya juya tare da shi, wayar ta murɗe ta tsinke daga gindi. Ka lanƙwasa wuyan zoben ya miƙe sama a gefen fulogi yadda soket zai shiga ba tare da ya taka shi ba. Fara ɗaurawa da yatsu, kana riƙe da wayar, har fulogi ya zauna, sannan ka kawo sifana. A wasu kawunan ramin ya matse, sai an ɗan goga wata 'yar hanya da wayar za ta bi. Idan zoben bai kwanta daidai ba, iska mai zafi za ta riƙa tsiyaya ta gefensa: karatu ya haura, baƙin toka ya taru a wurin, ƙarfin silinda ya ragu.

Batun ko a cire washar fulogi ta asali ko a bar ta, bi abin da kamfanin sensar ya rubuta. Fulogin da gindinsa mai tsini ne, wanda ba ya amfani da washa sam, bai dace da zobe ba.

To lamba nawa ce lafiya, nawa ce haɗari?

Ga inji mai iska irin na Volkswagen, da sensa a ƙarƙashin fulogi, abin da masu harkar suka fi yarda da shi shi ne digiri 150 zuwa 180 a tafiya ta sosai. A hawa ko da kaya yana iya taɓa 190 zuwa 200 na ɗan lokaci. Zama sama da 205 kuwa, wato 400 a ma'aunin Faranhait, gargaɗi ne. A jiragen sama, jan layi, wato iyakar zafin da aka yarda, na kamfanin Lycoming a yawancin injunansa 260 ne, na kamfanin Continental 238, amma ba matuƙin da ke son injinsa da zai riƙa yawo kusa da nan.

Wani zai ce ai alminiyom, wanda da shi ake ƙera kan, sai digiri 660 yake narkewa. Gaskiya ne, sai dai tun kafin nan da nisa ƙarfinsa ke fara raguwa, daga wajen 200 zuwa sama. Kuma yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. Mazaunin bawul zobe ne mai tauri da aka cusa cikin alminiyom. In ramin ya buɗe fiye da kima sai ya saki, bawul ya daina rufewa, ko zoben ya faɗo kan fistin. Tsagewa tsakanin bawul da ramin fulogi ma daga nan take.

Inji mai ruwa lissafinsa daban. Tamostat yana buɗewa tsakanin 80 da 95 a yawancin motoci, sensar da ke jikin ƙarfe kuma takan nuna kusa da haka ko sama kaɗan, gwargwadon inda aka ɗaura ta.

Duk da haka, lambar da ta fi kowacce amfani ita ce ta injinka. Bayan ɗaurawa, yi mako ɗaya ko biyu kana lura: nawa yake a titi miƙaƙƙe, nawa a cunkoso, nawa a kan tudun da ka saba hawa. Ranar da wannan tudu, da wannan gudu, ya ba ka ƙarin digiri 15, wani abu ya canza, ko da ba a kai jan layi ba. In gejin yana da ƙararrawa, saita ta sama kaɗan da mafi girman lambar da ka saba gani.

Salshiyos ko Faranhait?

Wanda kanka ya saba da shi. Kawai ka tabbata ka san wanne ne a fuskar, domin 350 a Faranhait 177 ne a Salshiyos. A cire 32 a raba da 1.8.

Mai allura ko mai lamba?

Allura ana karanta ta da wutsiyar ido, kuma tana nuna saurin hawa. Lamba ta fi daidaito, ta fi zuwa da ƙararrawa da ajiye mafi girman karatu. Ni ƙararrawar ce ta fi jan hankalina, domin ba wanda ke tuƙi idonsa na kan geji. Mafi yawansu faɗin milimita 52 ne, don haka samun mazauni ba wuya. Ka kuma duba iyakar ma'aunin: wanda ya tsaya a 150 na inji mai ruwa ne, ba zai yi wa mai iska aiki ba.

Me ke sa kan silinda ya yi zafi fiye da kima?

Ƙarancin mai a cikin cakuɗar da ke shiga, ko daga jet ɗin kafireto, ko daga iska da ke satar shiga ta wani gasket. Taimin da aka tura gaba da yawa, wanda ke jawo ƙarar nan ta ƙwanƙwasa a hawa. Bawul da aka matse; a injin Beetle tazarar milimita 0.15 ce, a auna inji yana sanyi. Fambel da ya saki. Faranten ƙarfen da ke jagorantar iska, waɗanda wasu ke cirewa su ajiye wai ba su da amfani. Robar da ke raba ɗakin inji da ƙasa, wadda in ta mutu fanka ke zuƙo iskar salansa ta mayar wa inji.

Sai kuma halin direba. Hawan tudu da babbar giya, totur a ƙasa, inji yana nishi: wuta ta yi yawa, fanka kuma tana juyi a hankali. Sauko da giya ɗaya ka ga yadda lamba ke sauka.

Shin daidai yake da gejin hayaƙi, EGT?

A'a. Wancan yana cikin bututun hayaƙi, lambobinsa kan kai 600 zuwa 900, kuma ya fi saurin amsawa. Ba ma kullum suke tafiya tare ba: tura taimin gaba yana ƙara zafin kai ya rage na hayaƙi, ja da shi baya kuma ya yi akasin haka.

Akwai motocin zamani da ke zuwa da wannan sensa?

Akwai. Ford ya yi amfani da ita a injuna da dama, har da V8 ɗinsa masu lita 4.6 da 5.4, inda aka ɗaure ta a cikin ƙarfen kai ba tare da ta taɓa ruwa ba, kwamfutar mota kuma ta ƙiyasta zafin ruwa daga gare ta. Idan ruwa ya zube zafi ya wuce iyaka, kwamfutar tana yanke mai daga wasu silindodi bi da bi, su riƙa zuƙar iska kawai suna sanyaya kansu, don direba ya samu ya kai gefen hanya. Lambar P1299 a na'urar bincike tana nufin wannan kariya ta yi aiki. A irin waɗannan motoci, ƙaramar na'urar da ake cusawa a soket ɗin OBD, wato inda ake jona na'urar bincike, na iya nuna maka zafin ba tare da ka ƙara wata sensa ba.

Ta yaya zan gwada ko gejin yana faɗin gaskiya?

Kafin ka ɗaura, haɗa komai a kan tebur da ainihin wayar da za ka yi amfani da ita. Tafasa ruwa a tukunya, ka rataya zoben a ciki ba tare da ya taɓa gindinta ba. Ya kamata ka ga kusan 100, ko ƙasa kaɗan in kana wuri mai tudu sosai, inda ruwa ke tafasa da wuri. Bayan ɗaurawa kuma, da safe kafin ka tada inji, geji mai gyara kansa ya nuna zafin gari. Bindigar auna zafi daga nesa tana da amfani, amma alminiyom mai ƙyalli yana ruɗa ta ta nuna ƙasa.

Lamba ta tashi ina cikin tafiya. Me zan yi?

Sassauta totur, rage giya, ka ba shi daƙiƙoƙi. In ta fara sauka, nauyi ne ya yi yawa. In ta ƙi, nemi wuri ka tsaya. Inji mai iska da fankarsa ke aiki, bar shi ya ɗan yi juyi a tsaye kafin ka kashe, domin kashewa nan take tana tsayar da iskar. Amma a Beetle, in fitilar caji ta kama tare da tashin zafin, fambel ne ya tsinke, fanka ta tsaya. Kashe inji a take. A mai ruwa, kada ka buɗe murfin lagireto yana da zafi, kada kuma ka watsa wa kan ruwan sanyi.

In kuwa lambar ta yi tsalle daga 160 zuwa ƙarshen ma'auni cikin ƙiftawar ido, ko ta faɗi ƙasa warwas, ƙarfe ba ya canza zafi haka. Duba wuyan zoben, musamman in ba a daɗe da canza fulogi ba.